Ladabi da Hali: Karon Al'adun Turai da na Amurka a Ƙagaggun Labarai



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne yadda manyan marubutan ƙagaggun labarai na Turanci suka nuna karon da aka yi tsakanin ladubban mutanen Turai da na mutanen Amurka, musamman daga wajen shekarar 1870 zuwa 1920. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da yadda Bature ke gaisuwa, ko yadda yake zama wajen cin abinci, ai duk Turawa ne. To, su a tsakaninsu ba su ɗauki kansu ɗaya ba, kuma abin da ke cikin littattafan nan ya wuce maganar gaisuwa da riƙon cokali. A cikinsu za mu ga ladabi ya hana aure, ya zubar da mutuncin yarinya, har ya bi ta zuwa kabari. Tambayar da marubutan suka yi ta juyawa ita ce: shin ladabin mutum shi ne halinsa? In kuwa ba shi ba ne, me zai sami wanda aka yanke wa hukunci bisa ladabinsa, ba a dubi halinsa ba?

Kafin mu shiga, ya kamata mu rarrabe kalmomin nan biyu. Ladabi shi ne abin da ido ke gani, watau yadda mutum ke gaisuwa, da wanda yake yawo da shi, da lokacin da yake magana da lokacin da yake yin shiru. Koyonsa ake yi, kuma kowane gari da irin nasa. Hali kuwa shi ne abin da ke ciki, wanda muke cewa zanen dutse ne. Da waɗannan kalmomi biyu za mu auna duk littattafan da zan ambata.

Asalin Karon

Amurka ta ɓalle daga mulkin Ingila a 1776, kuma tsarin mulkin da ta rubuta wa kanta ya hana gwamnati ba kowa sarauta irin ta gado. Saboda haka aka sami ƙasa wadda ba sarki, ba fada, ba 'ya'yan sarauta da za a yi koyi da su wajen zama da tashi. Turai kuwa a wannan zamani kowa ya san matsayinsa tun daga haihuwa, ladabi kuma shi ne alamar da ake gane matsayin da ita.

Mutanen Ingila ne suka fara kai farmaki. Wata mata mai suna Frances Trollope, wadda ta zauna a birnin Cincinnati, ta buga littafinta Domestic Manners of the Americans a 1832, inda ta yi ƙorafi a kan yadda maza ke tauna taba suna tofar da yawu a ko'ina, da yadda barori ba su yarda a kira su barori. Charles Dickens ya ziyarci Amurka a 1842, ya dawo ya sa wani sashe na labarinsa Martin Chuzzlewit a can, ya cika shi da 'yan damfara da masu cika baki. Daga baya Amurka ta rama. Mark Twain ya bi wani jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya a 1867, ya buga The Innocents Abroad a 1869, yana yi wa tsofaffin gine-gine da zane-zanen da Turai ke alfahari da su ba'a, bai kuma bar 'yan ƙasarsa masu buɗe baki suna kallo ba. Amma duk wannan gugar zana ce tsakanin ƙasa da ƙasa, kowa na dariyar ɗan'uwansa daga nesa.

Abin da ya canja al'amarin shi ne kuɗi da jirgin ruwa. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, an sami sababbin attajirai da suka tara dukiya ta hanyar jirgin ƙasa da ƙarfe da masana'antu. Jiragen ruwa masu tururi suka rage tafiyar da ke tsakanin New York da Ingila zuwa kamar kwana takwas ko goma. Matan attajiran nan da 'ya'yansu suka riƙa kwarara Turai, a daidai lokacin da kuɗin da masu sarautar Ingila ke samu daga gonakinsu ya soma raguwa. Aure ya shiga tsakani. Jennie Jerome ta New York ta auri Lord Randolph Churchill a 1874, ita ce ta haifi Winston Churchill. Consuelo Vanderbilt ta auri basaraken Marlborough a 1895. Ke nan mutanen da dā suke zagin juna daga nesa, yanzu sun zauna a ɗaki ɗaya, kowa na lura da kowa.

Marubucin da ya mai da wannan zama abin nazarinsa shi ne Henry James. An haife shi a New York a 1843, mahaifinsa ya yi ta yawo da shi a biranen Turai tun yana yaro, ya zauna a Landan daga 1876, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila a 1915, ya rasu a 1916. Ya san gidajen biyu ciki da waje, shi ya sa bai yarda ya ba ɗaya gaskiya duka ba.

Labarin Daisy Miller

Gajeren labarin da ya fito da sunansa shi ne Daisy Miller, wanda mujallar Cornhill ta Landan ta buga a 1878. Daisy budurwa ce daga garin Schenectady na jihar New York. Ubanta attajiri ne, ya zauna gida yana neman kuɗi, ya turo ta Turai da uwarta da ƙanenta Randolph, yaro ɗan shekara 9 wanda ba mai iya kwaɓarsa. A wani masauki a garin Vevey, bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan, ta gamu da wani saurayi mai suna Winterbourne, shi ma Ba'amurke ne, amma ya daɗe a Janeba tun yana makaranta.

Ga laifuffukan da aka lissafa mata. Ta yi hira da namiji a lambu ba tare da wani babba ya gabatar da shi ba. Ta bi shi su biyu kawai zuwa kallon tsohuwar ganuwar Chillon. Gidansu suna zama da jagoran tafiyarsu, wanda ɗan haya ne, kamar ɗan'uwa. Da suka koma birnin Rum da sanyi, ta yi abota da wani saurayi Ba'italiye mai suna Giovanelli, wanda ba ɗan kowa ba ne, tana yawo da shi a fili. A garinsu ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai ta da hankalin kowa, domin 'yan matan Amurka na wancan zamani suna da 'yancin fita da samari kafin aure. A Turai kuwa budurwar gidan mutunci ba ta fita sai da tsohuwa a bayanta.

Wurin da labarin ya yi tsanani shi ne lambun Pincio. Daisy na tafe tsakanin samarin nan biyu, sai wata uwargida mai suna Mrs Walker ta biyo ta a keken doki, ta roƙe ta ta shigo don ta tsira da sunanta, gama duk gari na maganarta. Daisy ta juya ta tambayi Winterbourne ra'ayinsa, ya ce ta shiga. Ta yi dariya, ta ƙi. Bayan 'yan kwanaki, a wajen wata walima a gidanta, Mrs Walker ta juya wa yarinyar baya a gaban jama'a sa'ad da ta zo sallama. Daga nan aka rufe mata ƙofofi. Wani dare Winterbourne ya iske ta da Giovanelli zaune a cikin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, a farin wata, ya yanke a ransa cewa ba yarinyar kirki ba ce, ya kuma nuna mata haka. Wurin ya yi suna da zazzaɓi. A lokacin ana ɗauka mugunyar iskar dare ce ke kawo shi, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne ke yaɗa shi. Daisy ta kamu, ta mutu, aka binne ta a Rum. A bakin kabarinta ne Giovanelli ya shaida wa Winterbourne cewa bai taɓa ganin yarinya mai tsarkin zuciya kamarta ba, kuma ya san ba za ta taɓa aurensa ba.

Yanzu ina so ku lura da abin da masu karatu da yawa kan tsallake. Su wane ne suka yanke wa Daisy hukunci? Mrs Walker Ba'amurkiya ce. Mrs Costello, gwaggon Winterbourne, wadda ta ƙi ko da a gabatar mata da yarinyar, Ba'amurkiya ce. Winterbourne kansa Ba'amurke ne. Mutum ɗaya da ya shaida gaskiyar halinta shi ne Ba'italiyen da aka raina. Waɗanda suka kore ta baƙi ne da suka ari ladabin Turai, suka fi mai ƙora shafawa. Dalilinsu kuwa a fili yake. Wanda ya gāji ladabi ba ya tsoron a ƙwace masa shi, amma wanda ya aro kullum cikin fargaba yake kada a gane aro ne. Duk motsin da Daisy ta yi yana tuna wa Turawan Rum inda su Mrs Walker suka fito, saboda haka tilas su nesanta kansu da ita a bainar jama'a. A ƙarshen labarin Winterbourne ya faɗa wa gwaggonsa cewa ya zalunci yarinyar, domin ya daɗe a ƙasar waje har ya kasa fahimtar 'yar ƙasarsa. Sa'an nan ya koma Janeba ya ci gaba da zamansa kamar ba abin da ya faru.

Duk da haka James bai wanke Daisy sarai ba. An gargaɗe ta game da zazzaɓi kamar yadda aka gargaɗe ta game da tsegumi, ta ɗauke su duka biyu maganar tsofaffi. Ta zaci tun da zuciyarta fari ce, ba ta bukatar koyon harshen garin da ta shiga. Mu kan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ba lalle ne mutum ya yarda da jelar ba, amma ya kamata ya san abin da rashinta zai jawo masa.

Ladabi Ba Hali

Shekara guda kafin wannan, a 1877, James ya fitar da The American, inda ya dubi ɗaya gefen. Christopher Newman mutum ne da ya tashi ba shi da komai, ya yi yaƙin basasa, ya tara dukiya ta kasuwanci, ya zo Faris neman matar da ta fi kowace. Ya ga Claire de Cintré, wata gwauruwa daga gidan Bellegarde, tsohon gidan sarauta da ke da asali amma ba kuɗi. Uwarta da wanta suka yi masa alkawari ba za su hana ba. Da suka gabatar da shi ga danginsu, suka ga ba za su iya haɗiye ɗan kasuwa a matsayin suruki ba, sai suka warware alkawarin cikin lafazi mai laushi, ba wanda ya ɗaga murya. Claire ta shiga gidan mata masu zaman ibada, inda ba ta sake fitowa.

Daga baya wata tsohuwar baranyar gidan ta ba Newman wata takarda da maigidan ya rubuta a gadon mutuwarsa, yana zargin matarsa da kashe shi. Ga makamin da zai rusa gidan Bellegarde a hannunsa. Ya yi ta jujjuya abin, daga ƙarshe ya jefa takardar a wuta. Ashe mutanen da suka fi kowa iya gaisuwa a Faris su ne masu saɓa alkawari, da gawa a bayansu, shi kuwa wanda bai san yadda ake zama a gaban manya ba, shi ya iya yafewa. Wannan littafi ya fi sauƙin hukunci, kuma James da kansa, sa'ad da ya sake dubansa bayan shekara 30, ya ce a zahiri irin wannan gida da hannu biyu za su karɓi kuɗin.

A The Portrait of a Lady, na 1881, ya haɗa darussan biyu. Isabel Archer, budurwa daga Albany, ta zo Ingila, ta ƙi auren wani basarake mai suna Lord Warburton don tana so ta ga duniya da idonta. Ta gāji fam 70,000 daga mijin innarta. Sai ta faɗa hannun mutum biyu da ba wanda ya kai su iya zama da jama'a, watau Madame Merle da Gilbert Osmond. Ta auri Osmond don ta ga ba ruwansa da abin duniya, ashe kuɗinta yake so, kuma 'yarsa Pansy 'yar Madame Merle ce a ɓoye. A nan ma ku lura, Baturen Ingila na asali, Lord Warburton, mutumin kirki ne. Macutan biyu haifaffun Amurka ne da suka girma a Turai, suka kwashi kwasfar al'adarta suka bar ƙwayar. Kuskuren Isabel kishiyar na Winterbourne ne. Shi ya ga rashin ladabi ya zaci rashin hali ne, ita ta ga cikar ladabi ta zaci cikar hali ce.

Da shekaru suka ja, James ya ƙara sassauta wa Turai. A The Ambassadors, na 1903, wata attajira ta aiki wani dattijo mai suna Strether, ɗan shekara 55, ya je Faris ya ƙwato ɗanta Chad daga hannun wata mace da ake zaton ta lalata shi. Strether ya iske yaron ya gyaru, ya yi hankali da natsuwa, kuma matar nan, Madame de Vionnet, ita ta gyara shi. Daga baya ya gano cewa zargin da aka yi a gida game da zamansu gaskiya ne, amma hukuncin da aka ɗora a kan zargin bai kama gaskiyar matar ba. Ɗan aiken ya ƙare yana ba yaron shawara kada ya yashe ta, ko da yake wannan ya sa shi kansa ya rasa auren attajirar da ta aiko shi.

Da Aka Juya Madubin

Kada mu tashi da zaton cewa Amurka ƙasar sakewa ce kawai. Edith Wharton, abokiyar James, wadda aka haifa a New York a 1862 ta rasu a Faransa a 1937, ta nuna akasin haka a The Age of Innocence, na 1920. Da wannan littafi ta ci kyautar Pulitzer a 1921, ita ce mace ta farko da ta ci ta a fannin ƙagaggen labari. Labarin ya faru ne a New York wajen 1870 da 'yan kai. Ellen Olenska 'yar gari ce da ta auri wani basarake ɗan ƙasar Folan, ya wulaƙanta ta, ta gudo gida tana zaton ta zo inda ake faɗin gaskiya. Sai ta iske tsofaffin gidajen New York sun fi Turai tsanani. Doka ta yarda a raba aure, amma dangi ba su yarda ba. Suka sa wani lauya, Newland Archer, wanda ke shirin auren 'yar'uwarta May, ya hana ta neman saki. Ya hana ta, ya kuma kamu da sonta.

Yadda dangin suka raba su shi ne abin lura. Ba wanda ya zarge su da komai. May, bayan ta zama matarsa, ta shirya wa Ellen gagarumar walimar ban kwana, kowa ya zo, kowa ya girmama ta, aka raka ta ta koma Turai. A tsakiyar cin abincin ne Archer ya gane cewa duk wanda ke ɗakin ya ɗauka su masoya ne, kuma walimar ita ce korar. Mrs Walker ta kori Daisy da juya baya, waɗannan sun kori Ellen da fara'a. Wharton ba ta tsaya ga zargi ba, domin ta nuna cewa wannan tsari da ya danne mutum biyu shi ne kuma ya riƙe gida da 'ya'ya. Bayan shekara 26, May ta riga ta rasu, Archer ya je Faris da ɗansa, ya zauna a kan benci a ƙofar gidan Ellen, bai hau ba.

Kammalawa

In muka tattara, za mu ga abu uku. Na farko, marubutan nan ba su ce a yar da ladabi ba, gama shi ne harshen da jama'a ke fahimtar juna da shi, wanda ya ƙi koyonsa kuwa zai sha wahalar da Daisy ta sha. Na biyu, ladabi shaida ce mai rauni a kan hali, tana iya wanke Osmond ta kama Daisy. Na uku, mafi tsananin alƙalai su ne waɗanda suka aro ladabin, domin suna kare matsayinsu ne da sunan kare mutunci.

Wannan na uku shi ya fi kusa da mu da ke cikin ɗakin nan. Yawancinmu mun tashi da ladabin gida, muka zo makaranta da ofis muka koyi wani. Ɗalibin da ke nan gobe shi zai zauna bayan tebur, wani ya shigo masa da takarda, bai san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa ba, bai iya harshen ofis ba, watakila ma daga ƙauyen su mai teburin ya fito. A cikin minti biyu za a yanke ko shi mutumin da za a saurara ne. Winterbourne yana da ilmi, yana da hankali, ba mugu ba ne, amma ya yi wata da watanni yana neman sunan da zai laƙaba wa yarinyar nan, bai taɓa tambayarta abin da take nufi ba, sai da aka tona kabari ya sami amsa. Ina roƙon ɗalibai su nemi wannan ɗan littafi su karanta, bai fi zama ɗaya ko biyu ba, sa'an nan kowa ya tambayi kansa a wace kujera yake zaune a cikin labarin.